Bugun da Isuhu Ya Riƙe

Duk wanda ya taɓa zama gaban Isuhu Mai Gwangwani a garin nan na Tanut ya san ba a miƙa masa hannu haka kawai. Ka yi masa sallama ya amsa rabi, sauran rabin sai ya gama binciken hannun rigarka. Ya ɗaga, ya leƙa, ya girgiza, wani lokaci har ya shinshina yatsunka. In bai ga komai ba kuma kada ka sa ran zai ba ka haƙuri, cewa zai yi, "Yau ka iya ɓoyo." Ku da kuke murmushi, kada ku yi kamar ba a yi muku ba. Ni da idona na ga an shinshina hannun liman.

Ni Haru tela, taubashinsa ne. Uwata ƙanwar ubansa ce, shi ya sa tun muna yawo ba wando har furfura ta cika mana kai bai taɓa kiran sunana ba. "Ɗan mace" yake ce mini, wai ni bawansa ne tun daga ciki. Shi Isuhu da damina manomin gero ne kamar kowa a Damargu, da rani kuma ya zauna bakin kasuwa yana ƙera fitilar aci-balbal da gwangwanin tumatir. Sai dai gwangwanin da ya fi kyau ba ya zama fitila. Huda murfinsa yake yi, ya kai shi zaure, ya sa masa ɗan haya. Buzuzu, kunama, gyare, ƙoƙi-ƙoƙi, har da wani shanshani da shi kansa yake tsoro, kowanne da ɗakinsa da sunansa. Akwai Kumanda, akwai Jandarma, akwai wata kunama mai ƙiba da yake kira Hajiya. Mutum ya haifi 'ya'ya yana rikita sunayensu, amma bai taɓa rikita na ƙwaro ba.

Wasan kuwa shi ya ƙirƙiro abinsa, ko dai haka ya ce. A zuba rairayi a babbar tasa. Kowa ya zo da ƙwarinsa uku a rufe, kada abokin karawa ya san abin da ke ciki. Ka saki ɗaya, ya saki ɗaya. Daga nan sai bi da bi, kamar dara. In kai ke da bugu, abu ɗaya tak za ka yi, sannan ka naɗe hannu ka jira. Ko ka taɓa naka da tsinke ya yi gaba, ko ka ɗiga masa ruwa ya huta, ko ka janye shi ka sako wani, kuma janyewar ma ta cinye maka bugunka. Wanda ƙwaronsa ya kife, ko ya juya baya ya kama bakin tasa, an ci shi, mai nasara kuma ya tafi da ƙwaron gida. Ba kuɗi a ciki. Isuhu ya ce caca haramun ce, mu kuma mun san ko da halal ce ba abin da zai fita daga aljihunsa.

Kowane ƙwaro kuma da maganinsa. Buzuzu ba ya jin harbin kunama, tura ta kawai yake yi kamar ya tsinci kashin shanu. Kunama in ta ɗaga wutsiya, gyare ya nemi hanya. Shi kuma gyare, ɗan banza, in ya sami buzuzu ta gefe shuri ɗaya ne ya kifar da shi. Don haka duk wayon yana wurin hasashen abin da ɗan'uwanka ya rufe a gwangwani, da sanin lokacin da za ka haƙura da bugu guda ka sauya. Da liman ya yi masa magana kan haɗa bayin Allah faɗa, sai ya fara liƙa ƙaro a bakin ƙarin kunama don kada ta kashe kowa. Gyare kuma a ɗaura masa zare a ƙafa kada ya yi tsalle ya bar gari. Ni ke kawo zaren daga shago, kuma ba ranar da bai auna nawa da nasa ba.

To ga inda matsalar take. Wasan nan mutum ɗaya ba ya yin sa, dole sai da wani a zaune ɗaya gefen tasa yana jiran bugunsa. Isuhu kuwa ba abin da yake so a duniya kamar wasan, kuma ba abin da ya iya kamar korar abokan wasa. Ɗaya bayan ɗaya ya kore su da zargi, kuma kowa ya tafi ba ya dawowa.

Na farko da na tuna shi ne Mushe Amadu (Mushe muke ce wa malamin boko), malamin lakwal, wato makaranta, da aka turo mana daga kudu, mutum mai fara'a, ba ruwansa. Ya kama wani gyare a bayan ajinsa ya zo da shi cikin kwalin ashana. Wasa ya yi zafi, Mushe ya taɓa gyarensa da tsinke, cikin zumuɗi kuma ya daka masa wata kalma da Faransanci. Gyare ya yi shuri, buzuzun Isuhu ya kife ƙafafu sama.

"Tsaya!" in ji Isuhu. "Mi ka ce mishi?"

"Ce mishi na yi ya tahi, Malam Isuhu. Ƙarfafa gwiwa ce kawai."

"Wa ya shaida? Ni ina jin Faransanci ne? Ɗan mace, kai kana ji?"

Na ce ba na ji.

"To ka gani! Ka taɓa shi da tsinke, bugu ɗaya. Ka ba shi oda, bugu biyu. Kuma ƙwaron nan a bayan lakwal ka kama shi, Allah kaɗai ya san tun yaushe yake sauraren karatu ta taga. Ka kawo mini ɗan boko ya kara da ɗan ƙauye, ka ce adalci ne?"

Mushe ya yi dariya har da hawaye, ya mayar masa da buzuzunsa. Isuhu ya kafa doka nan take, ba a yi wa ƙwaro magana sai da Hausa. Mako na zagayowa Mushe ya dawo, ya yi wasa bakinsa a rufe gam, bai ce uffan ba, ya sake ci. Isuhu ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Shirun nan naka ya hi maganar muni." Daga ranar Mushe bai sake taka zauren ba.

Sai Agali, wani Buzu makiyayi da ke zuwa daga wajen Tenhiya ranar kasuwa da cuku. Labarin wasan ya kai masa har daji, ya zo da wata baƙar kunama, duwu, wadda ban taɓa ganin mai girmanta ba. Suka zauna, Agali ya naɗe ƙafa, rawani ya rufe masa fuska sai idanu. Ana cikin wasa na ga Isuhu ya bar kallon tasa ya koma kallon bakin mutum.

"Sauke amawalin nan."

"Don mi?" in ji Agali.

"Ina ganin yana motsi. Ko iska kake hura mata, ko tohi kake yi mata."

"Taba nake tauna."

"Tabar ma ban yarda da ita ba."

Kai jama'a! Kun san a ce wa Buzu ya buɗe bakinsa a gaban mutane, gara a ce ya tuɓe wando. Na zunguri Isuhu, ya ce ni ma a duba ni. Agali bai ɗaga murya ba. Ya miƙe a hankali, ya kaɗe rigarsa, ya ce, "Riƙe kunamar, na ba ka kyauta. Wataƙila ita ta iya zama da kai." Ya fita.

Wani zai yi murna, ko ya ji kunya. Isuhu zagaya tasar ya shiga yi yana cije leɓe. "Kyauta? Mutum ya taso tun daga Tenhiya ya ba ni kyauta? Ɗan mace, wannan 'yar leƙen asiri ce." Ya sa ta a gwangwani ya kai ƙarshen zaure, nesa da sauran, wai kada ta ji shawara. Bai taɓa sa ta a wasa ba, don ya ce da gangan za ta faɗi. Amma yana ciyar da ita, tunda ya ce maƙiyi mai yunwa ya fi haɗari. Rannan yana sabunta mata ƙaro ta zabga masa harbi a babban yatsa. Hannu ya kumbura har gwiwa, muka ɗauke shi ranga-ranga zuwa likita, gumi na tsiyaya, haƙora na karo. A hanya ya buɗe ido ɗaya, wallahi da murmushi a fuskarsa, ya ce, "Na gaya maka ko ban gaya maka ba?" Ban taɓa ganin wanda ya ji daɗin harbin kunama irinsa ba.

Ko dabbobin gidansa ba su tsira ba. Matarsa Mariyama, baiwar Allah mai haƙurin da ba a sayen irinsa a kasuwa, tana da wata kaza wake-wake da take ji da ita. Muna wasa da hantsi, Jandarma gyarensa na gab da kifar da buzuzuna, sai kazar nan ta shigo zaure, ta miƙa wuya, caraf, ta haɗiye Jandarma har da zaren. Isuhu bai kalli kazar ba, ni ya kalla.

"Kai ka aiko ta."

"Ni? Kazar matarka ce fa!"

"Jiya na gan ta ƙohar shagonka tana tsattsage. Mi ka ba ta? Mi kuka ƙulla?"

Kafin in gama rantsuwa ya miƙe ya ɗauko wuƙa. Mariyama ta leƙo daga tsakar gida hannunta duk gari. "Malam, mi za ka yi da kazata?"

"Ta shigo wasa ba wanda ya kira ta, ta yi bugunta. Yanzu ni ke da bugu."

Ranar mun sha romo. Ni wuya da ƙafa ya tura mini, wai rabon mai haɗa baki ke nan. Mariyama kuwa ba ta sake ce masa ko sannu ba sai da ya ƙera mata sabuwar fitila mai murfi.

A haka a haka aka wayi gari ba mai zama gaban tasar nan sai ni. Za ku ce me ya zaunar da ni? Na farko, taubashi ba ya koruwa, zagin da zai sa wani fushi ni abincina ne. Na biyu kuma, in faɗa muku gaskiya, duk ranar da Isuhu bai zarge ni da wani abu ba sai in ji kamar ban karya kumallo ba. Ina son mutumin nan, da zarginsa da rowarsa da komai.

Sai babban farin nan ya zo, na biyu, wanda ya fi na baya zafi. Ku da kuka gani ba sai na tuna muku ba. Gero bai kai gwiwa ba ya bushe a tsaye, makiyaya suka shigo gari da igiya ba dabba, kowace safiya kamiyo, babbar motar kaya, na tashi kudu da mutane a kan kaya. Wanda bai ci ba ba ya ɗinka riga, kekena ya yi shiru har gizo-gizo ya fara saƙa a kansa. Na yanke shawarar in kwashe iyalina da keken mu tafi Damagaram. Na je na gaya wa Isuhu kai tsaye. Bai ce kada in tafi ba, bai ce Allah ya kiyaye ba. Tasa kawai ya jawo ya ce, "Zauna."

Wasan ranar ban taɓa yin mai kyaunsa ba. Kafin la'asar kowa ya rage da ƙwaro ɗaya. Ni gyare, shi buzuzu, wani sabon Kumanda da ya gaji sunan na da. Gyarena ya samu gefensa daidai. Shi ke da bugu, kuma ba mafita. In ya tura, ya ƙara buɗe mini gefe. In ya ɗiga ruwa, sai gyarena ya yi shuri. Sauyi kuma ba sauran wanda zai sako. Ya ɗauki tsinke, ya duba ta nan, ya duba ta can, ya duba ni, sai ya soke tsinken a bayan kunne.

"Buga mana," na ce.

"Ina tunani."

"Isuhu, kamiyo gobe da sassahe zai tashi."

"Ya tashi. Ni na tare shi?"

"To an ci ka ke nan, ba ni Kumanda."

"In ji wa? Doka ta ce in ni ke da bugu, kai jira za ka yi. Ta ce har yaushe? Kuma wanda ya bar wasa bai ƙare ba, shi aka ci. Tahi abinka, ni kuwa in shiga kasuwa in ce ɗan mace ya ga Kumanda ya gudu."

Ya kifa faifai a kan tasar, ya ɗora dutse. Na fita raina a ɓace, na tabbata wannan maguɗi ne tsagwaronsa, mutum ya ga faɗuwa ya ɓuya bayan doka.

A Damagaram Allah ya rufa asiri. Na samu rumfa kusa da kasuwa, ɗinki ya fara shigowa, yara suka shiga lakwal, matata ta ga ruwan famfo ta ce ita fa ta zo gida. Ni ma, ba ƙarya, na fara cewa a raina me zan koma yi a Tanut. Amma duk direban da ya sauko daga arewa sai ya nemi rumfata. "Kai ne Haru tela? Wani mai fitila ya ce a gaya maka har yanzu yana tunani." Direba, karen mota, mai sayar da cuku, har wata tsohuwa da ta zo ganin jikanta, duk saƙo ɗaya. Maƙwabtan rumfata da ba su san Isuhu ba suka fara kirana Gudau. A bakin matafiyan nan na ji ya kwashi duk gwangwanayensa ya kai bayan gari ya saki ƙwarin, don ba abin ba su. Na ji ya rame har wando ba ya zama a ƙugunsa, kuma da aka raba jar dawar taimako bai sa ta a baki ba sai da ya ba akuyar maƙwabci ta ci ya ga ta kwana lafiya. Na yi dariya a gaban mai ba ni labarin, da ya tafi kuma na kasa taka keke.

Da ruwa ya dawo na ce wa matata mu koma, gona na jira. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Gona za ka, ko tasa?" Na ci gaba da ɗaure kaya.

Na iske shi a zaure, ƙashi da fata. Na zaci zai rungume ni. Ina! "Ka yi ƙiba," in ji shi. "Wa ya ciyar da kai, kuma mi ya ce ka yi mishi?" Sannan ya ɗage dutse, ya buɗe faifai. Ga su nan yadda muka bar su, sun bushe ƙayau, gyarena da zarensa a ƙafa, Kumanda a gefe.

"Isuhu, ai sun mutu."

"Naka ya mutu. Nawa dabara yake yi."

"To ga ni na zo. Buga."

"In buga ka ci, ka sake hawa kamiyo? Ka ga na yi kama da wawa?"

Ya mayar da faifai. Na tsaya ina kallonsa, shi kuma ya juya yana neman wani abu a bango da ba ya nan. A nan ne na gane abin da ya riƙe bugun nan dominsa. Ko da yake, don kada ku ce na mayar da shi waliyyi, har yau ina zargin rabi don ni ne, rabi kuma don ba ya so ya rasa Kumanda.

Ya sake tara ƙwari, muka ci gaba da wasa a wata tasar, yana zargina ina rantsuwa kamar da. Waccan kuwa tana lungu da dutsenta. Kowace Sallah in na zo gaisuwa sai in nuna ta da baki, shi kuma ya ce yana tunani. Haka muka yi ta yi har wani ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Ko a kwance bai canza ba. Ƙwayar da likita ya ba shi sai da na haɗiyi ɗaya a gabansa ya ga ban faɗi ba.

Wata rana da yamma Mariyama ta aiko a kira ni. Na iske tasar a gefen tabarmarsa, an ɗage faifai. Ya sa aka tayar da shi zaune. Ya tsoma yatsa a moɗa, ya kai kan busasshen buzuzun nan, ya ɗiga masa ruwa.

"Na shayar da shi," ya ce. "Buguna ya ƙare. Kai ke da shi, ɗan mace. Shuri ɗaya ya rage maka."

Ya miƙo mini tsinke. Na karɓa. Na dubi tasar, na dube shi.

"Mi ka ƙulla?" na ce.

"Ba komi."

"Ban yarda ba. Ina tunani."

Na soke tsinken a bayan kunne. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Mariyama ta riƙe masa kafaɗa. Da ya samu numfashi ya ce, "Sai yau ka iya wasa." Sannan ya ƙara da murya ƙasa-ƙasa, "In ban iya jira ba, ka shiga kasuwa ka ce Isuhu ya gudu. Doka ce."

Na ce ba zan faɗa ba. Ya ce bai yarda ba.

Dabarar da ta jawo ni tun daga Damagaram ba ta iya riƙe shi ko na 'yan kwanaki ba. Juma'ar da ta biyo muka kai shi makwancinsa. Tasar tana ɗakina yanzu, bugun yana hannuna, ban yi ba kuma ba zan yi ba. Wasa bai ƙare ba, don haka ba wanda aka ci, kuma duk wanda na ji ya ce Isuhu ya gudu, ni da shi ne.

Allah ya jiƙan taubashina. Allah ya yafe masa zargin da ya yi wa bayinsa, ya yafe mana dariyar da muka yi masa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya saukar da shi cikin mutanen da zuciyarsa za ta kwanta da su, ya bar mini wuri kusa da shi. Amin.